Me zai hana a damƙa wa sojoji yaƙi da annoba?

Wani malamin makaranta, wanda ya ce a bariki ya tashi domin mahaifinsa tsohon soja ne, ya aiko da tambaya kamar haka: "Kowace damina sai an yi kwalara, kowace bazara sai an yi sanƙarau, ga ambaliya. Farar hula sun kasa. A bariki kuwa na ga tsari da tsafta da bin umarni. Me zai hana gwamnati ta miƙa wa sojoji ragamar yaƙi da annoba, a kafa doka kowa ya bi?"

Malam, abin da ka gani a bariki gaskiya ne, kuma takaicin da ya sa ka yi wannan tambaya ni ma ina da shi. Amsata ita ce a kira soja ya taimaka, amma kada a ba shi ragama. Akwai ayyukan da babu mai yin su da sauri kamar soja, akwai kuma waɗanda shigarsa cikinsu ke ɓata su, ko da niyyarsa ta alheri ce.

Bari mu fara da barikin da ka sani. Tsaftar bariki ba daga tsoron kwamanda kaɗai ta samo asali ba. Rundunonin duniya sun daɗe da gane cewa cuta na iya cinye dakaru kafin su ga abokin gaba. A yaƙin duniya na farko, murar 1918 da ciwon huhun da ke biyo bayanta sun kashe sojojin Amurka kusan 45,000, adadin da ya kusa kamo na waɗanda suka faɗi a fagen fama. Shi ya sa soja ya mai da duba masai da ruwan sha da allurar rigakafi wani ɓangare na aikinsa. To amma duba yadda barikin yake. Kowa sunansa na cikin rajista. Kowace safiya a fareti ana ƙirga mutane, wanda bai fito ba an san ɗakinsa. Hukumar da ta ce wa kurtu ya zauna a ɗaki kwana goma ita ce ke biyansa albashi, ita ke da asibitin da zai je, ita ta ba shi ɗakin. Umarnin yana tafe da abincinsa. Yanzu ɗauki wannan umarni ka kai shi unguwar da mai gida sai ya fita da safe ya tura baro ko ya ja Keke Napep kafin a ɗora tukunya. Ka ce masa ya zauna a gida, ba ka ba shi ko mudu ɗaya ba. Zai fita, kuma tunda ya san akwai bindiga a bakin titi, ta lungu zai bi, inda ma'aikacin lafiya ba zai gan shi ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Ana kashe annoba ne da bakin mutane. Dole mai zazzaɓi ya yarda ya fito, dole ya faɗi gidajen da ya shiga da waɗanda suka yi jinyarsa da wanda ya ɗauko shi a babur, dole uwa ta faɗi cewa akwai wani yaron a ɗaka da ya fara amai. Babu na'urar da ke ciro wannan bayani daga cikin mutum. Wanda ya ji tsoro shiru zai yi, shirunsa kuma shi ne hanyar da cuta ke bi.

An gwada shawararka, Malam, kusan yadda ka faɗe ta. A ranar 20 ga Agustan 2014, lokacin da Ebola ke ta'adi a Laberiya, gwamnati ta sa sojoji da 'yan sanda suka zagaye West Point, wata unguwar talakawa mai cunkoso a bakin teku a Monrobiya, mai ɗauke da dubun-dubatar mutane. Aka sa waya mai ƙaya, aka ce ba shiga ba fita har kwana 21. Farashin abinci ya tashi nan take. Mutane suka yi bore, sojoji suka buɗe wuta, wani yaro matashi ya samu harbi a ƙafa ya mutu. Masu ɗan abin hannu suka riƙa ba masu gadi cin hanci suna ficewa, wasu suka bi ta ruwa. Bayan kwana 10 aka janye shingen ba tare da ya tare cutar ba, daga baya kuma shugabar ƙasar, Ellen Johnson Sirleaf, ta amince cewa matakin kuskure ne. Abin da ya sauko da cutar a irin waɗannan unguwanni shi ne lokacin da mazauna suka kafa kwamitocinsu, suna bi gida-gida suna tambayar wa ke kwance, suna kai wa gidan da aka killace abinci da ruwa.

Haka batun gawa. Gawar mai Ebola tana da haɗari ƙwarai, wanka da taɓa ta sun yaɗa cutar sosai. Laberiya ta ba da umarnin ƙona gawarwaki a Monrobiya, sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiyarsu suna binne mamatansu cikin dare. A watan Nuwamban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin jana'izar da aka tsara tare da malaman addini: ga Musulmi a yi wa mamaci taimama a madadin wanka, a sa masa likkafani, dangi su tsaya daga ɗan nesa su yi masa salla. Ka auna da kanka, a garinku wa zai iya shawo kan mutane su bar wankan gawa, limamin unguwa ko mai kaki?

A daidai wannan lokaci Najeriya ta yi nata gwajin. Wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Monrobiya ranar 20 ga Yulin 2014 yana ɗauke da cutar. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu a watan Agusta. Duniya ta tsorata, domin Legas birni ne na miliyoyin mutane. Aka kafa cibiyar ba da umarni guda ɗaya, aka ɗauko Dakta Faisal Shuaib da ma'aikatan da suka goge a yaƙi da shan-inna. Suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar a Legas da Fatakwal, suka kai ziyarar gida kusan 18,500 suna auna zafin jiki. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka bayyana ƙasar ta rabu da cutar. Ba a rufe unguwa ko ɗaya da bindiga ba. Abin lura a nan, wannan cibiya ta yi aiki da irin tsarin da kake yabo a bariki: shugaba ɗaya, taro kowace safiya, kowa da aikinsa, wanda bai cika ba ya yi bayani. Tsarin ne ake bukata, kuma farar hula na iya koyonsa.

Kada ka ɗauka ina cewa soja ba shi da amfani. Ƙungiyar likitocin agajin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, wadda aka sani da nesanta kanta da duk wani mai ɗauke da makami, ita ce da bakin shugabarta Joanne Liu ta roƙi ƙasashen duniya a watan Satumban 2014 su turo ƙwararrunsu, har da na soja, domin abin ya fi ƙarfinta. Amma ta gindaya sharaɗi: kada a yi amfani da su wajen killace jama'a ko tarwatsa taro. Birtaniya ta tura injiniyoyin soja suka gina cibiyar jinya a Kerry Town kusa da Freetown, babban birnin Saliyo, ta kawo jirgin ruwa da jirage masu saukar ungulu. Likitocin sojan Saliyo da kansu suka riƙe cibiyar jinya ta Hastings, suka ceci mutane da yawa. Ɗakunan gwaji na tafi-da-gidanka da sojojin ruwan Amurka suka kafa a Laberiya sun mai da jiran sakamakon jini daga kwanaki zuwa sa'o'i, wannan kuwa babban abu ne, domin duk daren da mai zazzaɓin cizon sauro ya kwana kusa da mai Ebola yana jiran sakamako, yana iya tashi da cutar da bai zo da ita ba. Ɗaukar kaya, gina tanti, haƙa rijiyar burtsatse, gyara gada, kai rigakafi cikin sanyinsa zuwa inda mota ba ta zuwa: nan soja ya fi kowa. Mutanen Maiduguri sun shaida haka a watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, manyan motocin soja na cikin abin da ya iya kutsawa unguwannin da ruwa ya shanye ya kwaso mutane.

Ko a wannan fannin akwai darasi mai ɗaci. Amurka ta tura sojoji kusan 2,800 Laberiya, amma sai a tsakiyar Satumba aka sanar da turawar, gine-ginen kuma suka ɗauki watanni. Kafin a kammala, cutar ta riga ta fara sauka. Binciken jaridar New York Times a 2015 ya nuna cewa cibiyoyi 11 da aka gina mutum 28 kacal masu Ebola suka yi jinya a cikinsu, tara daga ciki ko mutum ɗaya ba su karɓa ba. Ba laifin sojojin ba ne, an kira su ne a makare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata fuska da masu wannan shawara ba su cika dubawa ba, wato yadda kaki ke shafa wa ma'aikacin lafiya launinsa. A gabashin Kwango, inda Ebola ta kashe fiye da mutum 2,200 tsakanin 2018 da 2020, an riƙa raka ma'aikatan lafiya da sojoji da 'yan sanda a yankin da jama'a suka daɗe ba sa ga-maciji da gwamnati. Mutane suka ɗauki asibitin Ebola a matsayin reshen gwamnatin. Aka kai hari cibiyoyin jinya a Katwa da Butembo, aka kashe Dakta Richard Mouzoko, ɗan Kamaru mai aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, a watan Afrilun 2019. Kowane hari ya jawo ƙarin masu rakiya, ƙarin masu rakiya ya jawo ƙarin zargi. A Pakistan kuma, bayan da aka gano hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da allurar rigakafi ta bogi a Abbottabad a 2011 wajen neman Usama bin Laden, masu ɗiga wa yara maganin shan-inna ne suka biya da rayukansu shekara da shekaru.

Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. Mun san yadda gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan-inna a 2003, da irin shekarun da sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida suka kwashe kafin yarda ta dawo. Mun san an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano a Fabrairun 2013. A Oktoban 2017, sojoji sun fita aikin duba lafiya kyauta a kudu maso gabas a daidai lokacin da suke wani atisaye a yankin, sai jita-jita ta tashi cewa suna yi wa yara allurar ƙyandar biri, iyaye suka ruga makarantu suna kwashe 'ya'yansu. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta samu gindin zama saboda wanda ya riƙe allurar shi ne wanda jiya ya tsare hanya. Sai kuma kullen korona: a makonni biyun farko bayan rufe Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen Maris 2020, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasar wajen tilasta bin doka, alhali a lokacin cutar kanta ba ta kashe adadin haka ba. Wannan lissafi har yau yana ci mini rai.

Za ka iya ce mini, to Borno fa? Tambaya ce mai kyau, kuma nan ne ƙa'idar da nake faɗa take lanƙwasa. A Agustan 2016 aka sake ganin ƙwayar shan-inna a Gwoza da Jere, bayan shekara biyu ana zaton an gama da ita. Tana nan tana yawo a garuruwan da Boko Haram ta hana shiga. Babu yadda za a yi ma'aikaciyar lafiya ta isa can da jakar ƙanƙararta ita kaɗai. Aka riƙa tura masu rigakafi da rakiyar 'yan kato-da-gora zuwa inda ake iya shiga da ƙyar, inda kuma ba a iya shiga sam aka koya wa sojoji ɗiga maganin suka tafi da shi. Wannan na cikin abin da ya kai ga bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali ranar 25 ga Agustan 2020. Na goyi bayan wannan aiki, zan kuma sake goyon bayan irinsa. Amma lura da sharuɗɗansa: babu wata hanya sai ita, hukumar lafiya ce ta tsara ta kuma karɓi rahoto, aikin yana da iyaka. Wannan shi ne ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi tun ƙa'idojin Oslo na 1994, cewa kayan soja a aikin agaji zaɓi ne na ƙarshe, kuma farar hula ke jan gaba.

Ka kuma tuna soja mutum ne mai jini da tsoka, yana kamuwa yana kuma yaɗawa. Murar 1918 ta bi jiragen ruwan yaƙi ta sauka a Freetown a watan Agustan shekarar, kafin ta watsu a Afirka ta Yamma. A Haiti a 2010, najasar sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya da suka zo daga Nepal ce ta gurɓata kogin Artibonite, kwalara ta kama sama da mutum 800,000 ta kashe kusan 10,000, sai a Disamban 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya nemi gafara. Saboda haka duk gwamnatin da za ta tura kurata cikin annoba, wajibi ne ta yi musu rigakafi, ta ba su kayan kariya da horon sa su da cire su, ta biya alawus ɗinsu a kan lokaci, ta kuma tanadi inda za su zauna a duba su kafin su koma cikin iyalansu. Amurka ta killace sojojinta kwana 21 bayan sun dawo daga Laberiya. Kai da ka tashi a bariki ka san yadda ɗakunan ƙananan sojoji suke a jere, famfo ɗaya, masai ɗaya, yara na wasa a tsakar gida ɗaya. Mutum ɗaya ya dawo da cuta ya isa. Ga shi kuma sojojin Najeriya sun riga sun bazu a yawancin jihohi suna aikin da asalinsa na 'yan sanda ne, wasu sun shekara ba su ga 'ya'yansu ba. Ɗora musu kwalara a kan wannan ba adalci ba ne gare su.

Ta fuskar doka, sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar kiran soja ya taimaka wa hukumomin farar hula, kalmar kuwa taimako ce. Akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tun 1999, akwai rukunonin agajin gaggawa a wasu barikoki da aka tanada domin ta kira su, akwai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda sai a 2018 ta samu dokar kafuwarta. Amma da korona ta zo, dokar killacewa ta 1926, ta zamanin Turawan mulkin mallaka, ita aka jawo aka kafa kulle da ita. Abin da nake so in gani shi ne yarjejeniya a rubuce tun kafin a shiga uku, a matakin tarayya da kowace jiha: wa ke da ikon kiran soja, motoci nawa da jirage nawa za a bayar, wa zai sayi mai, wa ke ba da umarni a cibiya, yaushe za su janye, ina wanda aka ci zarafinsa a shinge zai kai ƙara. Sannan a riƙa atisayen haɗin gwiwa kowace shekara kafin damina, kwamishinan lafiya da kwamandan birged su san juna tun ba a kai ga ranar da waya za ta yi ƙara da tsakar dare ba. Asibitocin soja irin su 44 da ke Kaduna da 68 da ke Yaba, da ɗakin gwajin ma'aikatar tsaro da ke Abuja, su kasance cikin tsarin kai rahoton cututtuka na ƙasa kamar kowane asibiti.

Yanzu mu dawo kan cututtukan da ka ambata. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 111,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,600, mafi yawa a arewa. Kwalara ciwon ruwa ne da bahaya. Maganinta rijiyar da ba ta haɗe da masai ba, sinadarin kilorin, ruwan gishiri da sukari da aka ba mara lafiya da wuri, da ƙarin ruwa ga wanda ya galabaita. Wanda aka kai asibiti a kan lokaci da wuya ya mutu. Babu inda bindiga za ta shiga a nan, sai dai injiniyan soja ya zo da injin haƙa rijiya da tankar ruwa, wannan kam maraba da shi. Sanƙarau na 2017 ya fara ne a Zamfara tun ƙarshen 2016, ya kama sama da mutum 14,000 ya kashe fiye da 1,100. Babbar matsalar ita ce an ɗauki makonni masu yawa kafin labari ya isa inda ya kamata a kuma tabbatar da nau'in ƙwayar, nau'in C ne, wanda rigakafin da aka yi wa jama'a a baya ba ya karewa, kuma allurarsa ta yi ƙaranci a duniya. Nijar ta sha irin wannan a 2015. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar a haɗe.

A fannin nan muna da ma'aunin da muke kira 7-1-7: a gano ɓullar cuta cikin kwana bakwai, a kai rahoto cikin kwana ɗaya, a ɗauki matakan farko cikin kwana bakwai. Wanda wannan ma'auni ya rataya a wuyansa wani ma'aikaci ne da kowace ƙaramar hukuma ke da shi, jami'in sa ido kan cututtuka. Shi ne zai ji daga bakin mai unguwa ko ungozoma ko mai kemis cewa yara uku sun mutu a ƙauye kaza cikin mako ɗaya, ya hau babur ya je ya ɗebo samfuri ya aika ɗakin gwaji. A wurare da yawa babur ɗin ya lalace, ko babu kuɗin mai, ko babu kwalbar ɗibar samfurin. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ko kusa ba. Idan kana son ka taɓuka wani abu a garinku, Malam, ka tara 'yan'uwanka malamai da limamin unguwa ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku nemi ganin wannan jami'i. Ku tambaye shi ko yana da abin hawa, nawa ake ba shi a wata na zirga-zirga, kwana nawa samfuri ke yi kafin sakamako ya dawo, da ko akwai kilorin da ruwan ƙari a ajiye kafin ruwan sama ya sauka. Amsar da ya ba ku, ku kai ta gaban shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku a rubuce, ku karɓi lambar wayar jami'in ku raba wa masu unguwanni.